Hitar Wankan Jego

Tun cikina bai tsufa ba Inna ta kafa sharaɗinta ta waya daga Funtuwa. Haihuwar fari, in ji ta, a gaban uwa ake wankanta, don haka in tattara in taho gida. Ni kuwa ban cika shekara da tarewa a Jidda ba, ko lungunan unguwarmu Bani Malik ban gama ganewa ba, kuma gaskiya ba na son barin mijina. Na san halin gidanmu. In na je wanka za a ce a bari jariri ya yi ƙwari, in ya yi ƙwari a ce a bari ya yi zama, daga nan sai a fara maganar yaye. Ƙanwar Inna ta taɓa zuwa wankan arba'in, sai da ɗan ya fara bin awaki da gudu ta koma ɗakinta.

Maigidana ya yi ta aika yayyensa da kawunnansa suna ba ta baki, har aka tsaya a kan ita za ta zo da bizar ziyara, ta yi Umra, ta yi mini wankan a nan. Amma ta ce in ta zo ta tarar babu ruwan zafi irin wanda ake wankan jego da shi, ƙafarta ƙafata, da ni da abin da na haifa. A takarda shi ne kafilina, ba mai fitar da ni daga ƙasar sai da yardarsa. Sai dai duk wanda ya san maigidana ya san in Inna ta ce a tafi, shi zai ɗaukar mana jaka har filin jirgi yana sunkuyar da kai. Dama can ba wani shiri take yi da shi ba. Ba ta taɓa kama shi da laifi ba, abu ɗaya ne, ya ɗauke mata 'ya ya tsallaka teku da ita. "Yaron nan" take ce masa. Ni ma ban fi shi ba, tunda ni ce 'yar fari, sunana a bakinta "ke".

Gidan da muka kama a saman bene yake, ɗaki biyu da falo. A kowane banɗaki akwai wata tsohuwar hitar dafa ruwa 'yar ƙarama a rataye, ta yi tsatsa, an datse wayarta an naɗe bakin da salatif. In ka buɗe jan famfo ruwa mai sanyi ke zuwa, in ka buɗe shuɗin sai ka ji ɗumi. Maigidana gwajin jini yake yi a wani asibiti, mutum ne mai son komai ya zauna a muhallinsa, ko cokali ka sa a gurbin wuƙa sai ya gyara. Wannan famfo ya daɗe yana ci masa rai. Kullum in ya fito daga wanka sai ya yi tsaki ya ce wanda ya zauna a gidan nan kafin mu bai san darajar kaya ba.

Da maganar Inna ta zo sai ya samu dalili. Ya ce zai cire matattun nan biyu, ya sa babbar hita ɗaya wadda za ta ba banɗakunan da kicin ruwa gaba ɗaya. Ya duƙufa kallon bidiyo a waya, na mutanen ƙasashen ƙanƙara, inda tukunya ɗaya ke ɗumama gida duka, ruwan zafi na zagaya ɗakuna ta cikin bututu. Abin ya shiga ransa har ya fara tambayata ko a sa mini irin ƙarfen nan na ɗumama ɗaki a gefen gado, saboda mai jego ba ta son sanyi. A Jidda fa. Na ce masa in yana son ya gasa ni ya faɗa kawai, akwai yaji a kicin.

Daga unguwar Sharafiyya ya sayo hitar, fara sol, girmanta ya kusa randa. Mai aikin famfo ya zo ya rataye ta ya haɗa bututu. Wuta kuwa maigidana ya ce shi zai haɗa da hannunsa, mutumin da yake nemo jijiya a hannun jariri ba zai gagara haɗa waya uku ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya cire jallabiya, ya hau tsani da singileti, ya miƙo mini wayarsa in riƙe masa bidiyon. Ga ni da ciki haihuwa yau ko gobe, hannu ɗaya a tsani, ɗaya a sama, Baturen cikin bidiyon yana sanye da rigar sanyi mai kauri, mu gumi na ɗiga daga haɓarmu.

Wayoyin Baturen launinsu daban, na cikin bangonmu daban. Akwai ma wata guda da ba ta cikin bidiyon sam, maigidana ya daɗe yana kallonta, ita ma tana kallonsa. Sai ya tura ni wajen akwatin fis da ke bakin ƙofa. "Kashe!" In kashe. "Kunna!" In kunna, ya dangwala tasta, abin gwada wuta. "Ba wannan ba, na kusa da shi!" A haka na kashe firij, na kashe fitilar falo, na kashe ƙararrawar ƙofa, kafin mu gano wanda ake nema. Da ya gwada sai ya ce wayar banɗakin siririya ce, ba za ta ɗauki wannan hita ba, za ta yi zafi ta narke. A nan kam ya yi gaskiya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya shiga neman waya mai kauri, ya same ta a bayan bangon, a ɗakin da muka ware wa Inna, ita ce ke ba mukayyif wuta, wato esi. Ya huda bango, ya zura sabuwar waya, ya haɗa ta a cikin soket ɗin mukayyif, can sama daidai kan gadon baƙi.

Na ce, "To ina makunninta?"

Ya ce, "Ba ta buƙata. Tana da hankalinta, in ruwa ya tafasa da kanta take tsayawa. In na sa makunni wani ya kashe bisa kuskure, Inna ta buɗe famfo ta ji sanyi, me zan ce mata?"

Na tayar da fis, wata 'yar jar fitila ta kama a cikin hitar. Ya tsaya a gabanta yana murmushi kamar wanda ya fara ganin watan Sallah. Aikin kuma ya yi kyau, har muka bar gidan ko tartsatsi bai taɓa yi ba.

Na haifi mace. Inna ta iso, zafin bazara ya iso tare da ita, irin na Jidda mai haɗe da gumin teku, wanda in ka leƙa waje gilashin idonka ke yin hazo. Da azahar suka shigo daga filin jirgi. Ko zama ba ta yi ba, ta leƙa fuskar jaririyar, ta yi addu'a, ta ce, "Ke, ina banɗakin?" Na bi ta a baya ina dafa bango. Ta murɗa jan famfo, tururi ya tashi, ta taɓa ta janye hannu da sauri, ta gyaɗa kai. Sai ta murɗa shuɗin don ta sanyaya yatsunta. Nan ma ta janye, har da yarfewa.

"Ke, duka biyun na zafi ne?"

Ni ma a lokacin na sani, don kwanakin da zafin ya tsananta ina asibiti. Na waiga falo, maigidana yana durƙushe a bakin ƙofa inda ya tsaya gaishe ta, ya yi zuru-zuru. Bakina ya riga ni, na ce, "E, Inna. Saboda ke aka yi."

Ta ce, "To, madalla. Yaron nan ya yi ƙoƙari."

Tunda ya aure ni bai taɓa samun yabo daga bakinta ba sai ran nan. Daɗi ya ɗebe shi, ya ce in nuna mata jar fitilar, in gaya mata muddin tana gidan nan ba za ta taɓa mutuwa ba. Na isar da saƙo, tunda su biyun ba sa magana kai tsaye, gaisuwa ce kawai, ita ma kowa na kallon ƙasa.

Maƙwabciyarmu ce ta warware mana zancen. Bahaushiya ce haihuwar Jidda, iyayenta daga Sudan suka zo, Hausarta rabi Larabci. Ta shigo barka, ta shiga wanke hannu kafin ta ɗauki jaririya, sai muka ji ihu. Allah ya taimake ni Inna na salla a ɗaki. Ta fito tana hura yatsu.

"Ya satir! Wa ya kunna sakhkhan a cikin sef? Kuna so ku dafa mutane?"

Sakhkhan hita ke nan, sef kuma bazara. Na ja ta gefe na ce ta yi a hankali. Ta ce, "Habibti, tankin ruwa a kan rufi yake, rana na dukansa min subuh. Duk Jidda in zafi ya shigo kashe sakhkhan ake yi, halas. Ruwan da ya kwanta a cikin sakhkhan yana cikin gida, a inuwa, shi ne ruwan sanyinmu. Jan famfo shi ne na sanyi har sai shita, lokacin sanyi, ta zo. Wanda ya tashi daga nan da gangan ya yanke wayar, ashan yara kar su kunna." Da na gaya mata mun cire su mun ba mai gwangwan, sai ta zauna a ƙasa tana dariya har mayafinta ya zame. Na roƙe ta kada Inna ta ji. Ta ce wallahi bakinta a rufe. Kafin la'asar matan benen nan sun fara shigowa barka ɗaya bayan ɗaya, kowacce sai ta nemi wanke hannu.

Gyaran ba wuya gare shi ba, a cire waya ɗaya ne. Amma wayar tana saman gadon Inna, kuma Bahaushe bai shiga ɗakin surukarsa ya taka mata gado da tsani. Fis ɗin hitar kuma shi ne na mukayyif ɗinta. Sau ɗaya ya gwada saukar da shi da rana tana barci, ko ruwan zai ɗan huce. Ɗakin ya ɗauki zafi, ta farka, ta wuce banɗaki kai tsaye ta dawo.

"Ke, fitilar nan ta mutu."

Daga bayan labule maigidana ya raɗa mini in ce an ɗauke wuta.

"Au, har nan ma ana ɗaukewa?" Ta faɗa da wani irin jin daɗi. Ya lallaɓa ya mayar, bai sake taɓawa ba.

Wanka kuwa na sha shi. Inna ta hango bishiyar darbejiya a bakin titi ta taga, ta ce a gaya wa yaron nan ya yanko mata ganye. Mutumin da ko tsallaka titi ba ya yi sai ya shafa aljihu ya ji iƙamarsa, katin izinin zama, ga shi yana tsinkar bishiyar hukuma yana waige-waige, yana cusa ganye a ledar kanti. Safe da yamma Inna ta tara ruwa a baho, ta tsoma ganyen ta dinga fyaɗa mini, ina ihu tana cewa in rufe mata baki, su da aka yi musu a tsakar gida ba su mutu ba. In na fito ga kunun kanwa yana tururi. Ta kuma hana a kunna mukayyif a ɗakina, kada sanyi ya shige ni. Wane sanyi, a ina zai samu hanya? Amma na daure, don duk lokacin da na ji zan yi tawaye sai in tuna jirgin Funtuwa.

Shi kuma maigidana wahalarsa a ɓoye take. Ranar farko da ya shiga bayan gida da rana ya manta ya matsa tiyon tsarki, na ji wata ƙara da ban taɓa jin ta fito daga bakin babban mutum ba. Ya fito idonsa jawur, ya zauna a gefe ɗaya na kujera. Daga nan ya samo dabara. Da yamma sai ya cika bokiti ya ajiye a lungun falo ƙarƙashin mukayyif, ya kwana yana hucewa, da safe ya yi wanka ya tafi aiki. Ya ji daɗin abinsa na ɗan lokaci, sai wata safiya ya tarar da bokitin wayam, an kife shi. Ya tambaye ni, na ce ni da aka hana ko shan ruwan sanyi? Ya sake cikawa, washegari ma haka. Manya uku ne a gidan, lissafin ba shi da wuya.

Sai a lokacin na lura da hannun Inna. Tana shafa wa jaririya mai na ga bayan hannunta har zuwa gwiwa ya yi ja, fatar ta yi sheƙi. Ashe tun zuwanta da wannan ruwa take alwala, salla biyar, ga nafilolinta, ba ta taɓa cewa uffan ba. Ita ta ce a kawo ruwan zafi, an kawo har ya yi yawa, da wane baki za ta ce a rage? Tausayinta ya kama ni har na ji ƙwalla. Na ce, "Inna, ko in gaya masa ruwan ya cika zafi?"

Ta harare ni. "Ki ce masa me? Ni na ce miki wani abu?"

Na koma wajensa na ce ya ga dai wadda ke kwashe ruwan. Ya ce, "Kada ki kuskura ki nuna mata na sani." Haka suka sa ni a tsakiya, kowa na rantsar da ni. Raina ya ɓaci, na ce da shi da ita duk halinsu ɗaya, in sun ga dama su dafe.

Ya sayo bokiti na biyu, da niyyar ɗaya nata ɗaya nasa. Inna ta ga an ƙara, ta ɗauka duk nata ne, ta yi wanka da ɗaya, ta surka ruwan jaririya da ɗaya. Ya bar mata su. Ya koma saka gorunan ruwa a firij suna ƙanƙara, da asuba kafin ya tafi masallaci ya jefa su a bokitan ya wuce. Shi kuma ya shiga wanka da abin da famfo ya ba shi. Kullum da safe muna jin sa, ya watsa ya ja numfashi, ya watsa ya yi salati, ƙafafunsa na tatata a kan tayil kamar mai tsallen igiya. Inna na zaune a falo da carbi, fuskarta ko gezau. Bayan 'yan kwanaki sai ya fara tarar da saura a gindin bokiti ɗaya, daidai na alwala, an rufe da faranti. Ya nuna mini yana murna kamar an ba shi kujerar Makka. Iyakar hirar da suka taɓa yi ke nan, shi ya jefa ƙanƙara, ita ta rage masa ruwa.

Ana gab da arba'in maƙwabciyar nan ta gayyaci Inna shan shayi. Na yi ta neman dalilin hana ta, ban samu ba. Ta daɗe a can. Da ta dawo ta karɓi jaririya ta ɗora a cinya tana gyara mata hula, ba ta dube ni ba ta ce, "Ashe a garin nan jan famfo shi ne na sanyi."

Shi ke nan, asiri ya tonu. Ta san yaron nan kuskure ya yi, ta san ƙarya na yi mata ranar da ta zo, ta kuma san duk benen sun sani ban da ita. Ga gida babu ruwan da za a yi wa jaririya wanka sai an yi dabara. In dalili take nema, ta samu har da ƙari. Ita kuwa ta ci gaba da gyara hular. Kwanakin da suka rage na yi su ne ina kallon bakinta.

Ranar da aka gama wanka ta ce in kira shi. Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofar falo, ita ta juya gefe tana fuskantar bango, ni ina tsakiya.

"Ke, gaya masa jibi zan tafi. Ni kaɗai."

Na gaya masa, ko da yake ya ji.

"Gaya masa in na tafi ya cire wayar nan daga kan gadona, ya yi wa tukunyar makunni irin na mutane. Kuma ya daina wanka da ruwan nan, ina jin sa kullum, salatinsa ya ishe ni." Sannan ta ƙara da cewa, "Gaya masa Allah ya yi masa albarka."

Wannan ban iya maimaitawa ba. Shi kuma ya kifa kai yana ta "amin, amin, na gode, Inna", ya ja da baya har ya yi karo da bokiti. Na shiga ɗaki na rungume 'yata ina dariya ni kaɗai. Na ci nasara, ina ɗakina.

Washegari ina taya ta haɗa kaya ta ce in kira mata ƙanena a waya. A gabana ta yi maganar, da muryarta ta kullum, kamar mai aiken cefane. Ta ce itacen da ta tara a zaure a kai wa 'yar maƙwabta da ta haihu, da sabuwar tukunyar wankan. Ɗakin da aka yi wa fenti a rufe shi, a cire gidan sauron kada ya yi ƙura. Katifar ma a jingine ta.

Ban san da ko ɗaya ba. Tun ranar da ta ji ina da ciki take tara itacen nan. Tun rasuwar Baba ita kaɗai ke kwana a sashen nan, ni kuma duk tsawon lokacin nan ina ta ƙulle-ƙullen yadda zan kuɓuce mata. Na ce, "Inna, ashe har kin gyara ɗaki?"

Ta ce, "Ai ba a rasa mai haihuwa. Share fuskarki, kada yarinya ta sha ɓacin rai a nono."

Ta ci gaba da ninke zannuwanta tana jerawa. Da ta gama na jawo jakar zan zuge, sai na ga kayanta duka ko rabi ba su kai ba. Babbar jaka ce, sabuwa. Haka ta taho da ita tun daga Funtuwa, ta bar wa kayan jaririya wuri.